Taron Ndjamena na 2022: sulhu aka yi ko hanyar zarcewa aka share?

Baban Ilham: Assalamu alaikum yan uwa. Jiya a majalisarmu wani ya dage cewa babban taron tattaunawar ƙasa da aka yi a Chadi a 2022 ba sulhu bane, an shirya shi ne kawai don Mahamat Deby ya zarce. Ni dai zuciyata bata kwanta da maganar ba, ku me kuka gani?

Ɗan Abeche: Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi gaskiya mutumin nan ya faɗa. Sojoji ƙarƙashin Mahamat sun karɓi mulki a Afrilun 2021 bayan rasuwar mahaifinsa, shugaba Idriss Deby, suka ce wata 18 za su yi su miƙa, aka buɗe taro 20 ga Agusta 2022 da wakilai wajen 1,400, da aka tashi a Oktoba sai ga ƙarin wata 24 kuma aka ba shugaban riƙon damar tsayawa takara. To wa ya ci ribar zaman?

Maman Khalifa: Ƙanina ka tsallake Doha. Kusan wata biyar aka kwashe a Katar ana zama da yan tawaye kafin ƙungiyoyi wajen 40 su sa hannu ranar 8 ga Agusta. Timan Erdimi da Mahamat Nouri, waɗanda mayaƙansu suka shigo har cikin Ndjamena a Fabrairun 2008, sun dawo gida ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Ni a Kusseri, garin Kamaru da ke tsallaken Ndjamena, nake a 2008, da idona na ga mata suna tsallako gada da goyo da ƙullin kaya a ka, wasu ko takalmi babu, mun kwana da baƙi fiye da goma a tsakar gidanmu har tabarmi suka ƙare. Duk zaman da zai hana a sake ganin wannan ni bazan raina shi ba.

Ɗan Abeche: Yaya Allah ya saka miku da alheri kan abin da kuka yi. Amma yan tawayen ƙungiyar FACT fa? Su ne suka gwabza da soja a Kanem inda Deby uba ya samu raunin da ya yi ajalinsa, kuma basu sa hannu a Doha ba, sun nemi a saki mutanensu da ke tsare, a kuma yi alkawari sojojin riƙo ba za su shiga zaɓe ba. An shirya da waɗanda ƙarfinsu ya riga ya ragu, an bar mai wuta a hannu a waje.

Malamin Damagaram: Ni abin da ya fi ci min rai ba FACT bane. Waɗanda basu taɓa riƙe bindiga ba su aka fi cuta. Gamayyar ƙungiyoyin farar hula da yan adawa ta Wakit Tamma da jam'iyyar ɗan adawa Succès Masra sun ƙaurace wa taron, limaman cocin Katolika sun shiga amma daga baya suka janye, da matasa suka fito zanga-zanga ranar 20 ga Oktoba gwamnati da bakinta ta ce an kashe wajen 50, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga 128, aka kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro can cikin hamada. A wannan watan dai Tom Erdimi, ɗan uwan Timan kuma shi ma tsohon ɗan tawaye, ya zama minista. Yaron da ya ga haka wane darasi zai ɗauka?

Baban Ilham: Amma Malam ai daga baya an shirya da Masra ko? An yi yarjejeniya a Kinshasa, ya dawo, har ya zama firaminista a Janairun 2024.

Malamin Damagaram: Haka ne Alhaji. A ƙarshen Fabrairu kuma aka kashe ɗan adawa Yaya Dillo a hedikwatar jam'iyyarsa, aka yi zaɓe a Mayu Deby ya samu kashi 61, Masra kuma a Agustan 2025 kotu ta yanke masa shekara 20.

Maman Khalifa: Maganar yaran Oktoba kam Malam bani da amsa, Allah ya jiƙansu, akwai ɗan maƙwabciyar ƙanwata a cikin waɗanda aka kai Koro Toro. Ina nan kan bakata game da Doha, amma wannan ranar ba zan iya kare ta ba.