Neman shawara kan riƙe takardun mota a shingen dare

Assalamu alaikum, malamai masana shari'a. Ni direba ne daga wani ƙauye a yankin Maigatari, ina ɗaukar riɗi zuwa kasuwar Dawanau, kuma da dare nake tafiya domin in isa da asuba. A wani shinge da ke hanya, 'yan sanda sun karɓi lasisina da takardun mota na asali, waɗanda duk wa'adinsu bai ƙare ba, suka ce sai na buɗe musu wayata kafin su mayar mini. Da na ƙi, sai suka riƙe takardun ba tare da sun ba ni wata shaida a rubuce ba, ga shi mai motar ya hana ni fita da ita.

Na san Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba su ikon bincike idan akwai ƙwaƙƙwaran zargi, amma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa. Shin doka ta yarda su riƙe takardun da ba su da matsala? Wurin DPO ya kamata in fara kai ƙara, ko lauya zan nema?