Farin tabo a harshen Baba, an ce a ƙara gwajin p53 da Ki-67, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana don Allah. Mahaifinmu ne shekarunsa 63, kusan wata takwas kenan wani farin tabo ya fito masa a gefen harshe, ba ya ciwo shi ya sa muka share, Inna ta yi ta sa shi kuskure baki da ruwan gishiri amma ko gezau. Sai da ya fara jin raɗaɗi in ya ci yaji muka kai shi asibiti aka ɗan yanki naman aka kai lab. Rizalt ya fito likita ya ce ba kansa ba ce amma ƙwayoyin wurin sun fara canja kama, matsakaicin mataki, kuma yana so a ƙara wani gwaji a kan naman, wai p53 da Ki-67. Kuɗin wlh ba kaɗan ba ne. In sun fito da yawa kansa ce kenan? Kawu kuma ya dage wai goro ne, a koma na gargajiya. Baba dai ya fi shekara 30 yana sa garin taba a leɓe.

Likitan haƙori: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Farin tabon da ba ya gogewa shi muke ce wa lukoplakiya, yawancinsu ba sa rikiɗa su zama kansa, amma gefen harshe da ƙarƙashinsa wurare ne da ba ma wasa da su. p53 da Ki-67 ɗin da kika tambaya furotin ne da ke cikin ƙwayoyin jiki. p53 kamar mai gadi yake, in ƙwaya ta lalace shi ke hana ta hayayyafa ko ya sa ta mutu, to in shi kansa ya samu tangarɗa yakan taru a wurin, sai a ga launin da aka shafa wa naman ya kama sosai a madubin lab. Ki-67 kuma a ƙwayoyin da ke rabuwa ake ganinsa, a lafiyayyen baki can ƙasan fatar yake, in ya hauro sama da yawa alamar wurin yana saurin girma ne. Amma 'yar uwa ko ɗaya cikinsu ba ya yanke hukunci shi kaɗai, ƙarin haske ne a kan rizalt ɗin farko. Ki tambayi likitan kai tsaye, in gwajin ya fito haka ko haka me zai canja a maganin? In ya ce ko yaya ne cire tabon za a yi, ni da mahaifina ne, kuɗin cirewa zan fara tanada.

Wani ɗan uwa: Maganar Kawu akwai ruɗani. Wanda aka tabbatar yana jawo kansar baki shi ne areka, ƙwallon wata bishiya da ake taunawa a Indiya da Pakistan, ba goronmu ba ne, bishiyarsu ma daban. Tabar nan ita ce abar dubawa, a Sudan ma irin ta da suke kira tumbak an daɗe ana danganta ta da wannan ciwon.

Wata Hajiya: Ƙanwata kar ku bari a shafa masa komai mai zafi. Maƙwabcinmu nasa ja ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ya zama gyambo, ko da aka je asibiti ya riga ya sauka wuya.

Likitan haƙori: Hajiya ta yi gaskiya, jan ya fi farin haɗari. Kuma ko an cire yana iya dawowa, dole a riƙa kai shi ana dubawa. In kuka ga wurin ya yi tauri, ko jini, ko ƙari a wuya, kar ku jira ranar da aka ba ku.

Mai tambaya: Na gode sosai Allah ya saka. Ranar Alhamis za mu koma zan yi masa tambayar. Matsalar yanzu tabar ce, jiya Yaya ya ɓoye kwalbar, sai Baba ya aiki jikansa ya sayo wata.

Wata Hajiya: Ku 'ya'ya ba zai ji naku ba, ku samu amininsa ko limamin unguwa ya raka ku ranar Alhamis ɗin ya ji daga bakin likita.