Tsohuwar Ford ta 1930 a Jidda, ta ina zan fara?

Ɗan Sabil:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema dan Allah. Maigidan da mahaifina ya yi wa direba shekara da shekaru ya bar mana wata Ford Model A ta 1930 mai ƙofa huɗu, ta daɗe a ajiye cikin gareji nan Jidda, jiya muka ɗauko ta a sathah, motar ɗaukar motoci. Injin ya kafe, na sa ƙarfen da ake wana inji da shi na juya ko motsi, ƙasan ƙofofi tsatsa ta cinye, rufin sama kuma yadi ne duk ya yage. A cikinta Baba ya koya min riƙe sitiyari ina ɗan shekara tara tana tsaye, don haka sayarwa ba ta taso ba. Wani samkari, mai gyaran jikin mota, ya ce in kawo ya shafe ta da ma'ajun na cike ramuka ya fesa fenti cikin sati biyu, in kai?

Baba Usta na Makka:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka kai. Fenti shi ne aikin ƙarshe, wanda ya ce sati biyu rufe maka tsatsa zai yi da ma'ajun kuma da ɗanshin tekun Jidda kafin shekara ta zagayo zaka ga fentin yana kumbura. Ka fara da hoto, kowane noti ka kwance ka ɗauka ka saka a leda ka rubuta inda ya fito. Injin kuma kar ka yi masa ƙarfi. Cire fulogi huɗun nan ka zuba gas haɗe da man giya na otomatik a kowane rami, ka bar shi sati biyu ko uku, kullum ka ɗan gwada juyawa a hankali.

Bakaniken Sana'iya:
Ni dai in tawa ce tashlih Briman, inda ake sayar da kayan matattun motoci, zan je in ɗauko injin Hilux in ɗora, halas. Injin nan doki 40 ne kawai, a titin Madina ai sai dai ya riƙa bin gefe.

Baba Usta na Makka:
A'a malam, in ka ɗora mata injin Hilux ta tashi daga Model A, kuma burkinta na sanduna ne ba na mai ba, ba a yi shi don wancan gudun ba. Injin nata silinda huɗu ne lita 3.3, bawul a gefe, babu mai sauƙinsa. Abin da ke ba mutane wahala guda ɗaya ne, ba shi da metal, wato abin da karanshaf ke juyawa a kai, irin wanda muke saya a kwali mu danna. Farin ƙarfe ake narkawa, babit, mafi yawansa kuza ne da ɗan tagulla, a zuba a mazaunin karanshaf sannan a huda shi daidai awo. Ɗana in ka buɗe ka ga bai tsage ba bai fara ɓarewa ba to ka gode Allah, akwai shim, siraran fallayen ƙarfe, tsakanin marfin mazaunin, cire su ake yi ɗaya bayan ɗaya har wasan ya ragu. In ya mutu ne ka tambayi makharta, masu sassaƙa ƙarfen inji, kai tsaye ko sun taɓa zuba babit da hannunsu, in suka fara kame-kame ɗauke kayanka. Na taɓa kai bulok wani wuri suka ce sun iya, ko wata biyu bai yi ba ya fara ƙwanƙwasa, har yau abin na min ciwo. Kuma a duba tsagewa a bulok kusa da mazaunin bawul kafin ka kashe riyal ɗaya kan fistin da ringi.

Ɗan Sabil:
Allah ya saka da alheri Baba, na rubuta duka. To jikin fa?

Kafinta na Madina:
Nan ne nawa ya shigo. Masu ƙofa huɗun nan akwai katako a cikin jikinsu, a ginshiƙan ƙofa da rufi, ƙarfen a kai aka naɗe shi. Tunda yadin rufin ya yage to ruwa ya shiga, ka sa sukudireba ka tsokani katakon, in ya nutse ya ruɓe ko gara ta sha shi. Kar ka zubar da ruɓaɓɓen, da shi za a auna sabo. A gama katako a rataya ƙofofi su rufu daidai tukuna a zo maganar walda, in an yi akasin haka ƙofa ba za ta taɓa zama ba.

Abu Hafsa Samkari:
Gaskiya ne. Inda tsatsa ta huda a yanke a liƙa sabon ƙarfe, walda ɗis-ɗis kar zafi ya lanƙwasa shi. In za a wanke ta da feshin yashi a rage iska a kan ƙofofi da bonet, kuma ranar da aka wanke ranar za a fesa firamar efoksi, wato fentin ƙasa mai hana tsatsa, a Jidda ƙarfe tsirara kwana ɗaya ya ishe shi yin ja. Gilasan gefe ma a canza su, na asali in ya fashe kamar wuƙa yake.

Bakaniken Sana'iya:
Tayyib na bar maganar Hilux. Amma ka kula batirinta bolt 6 ne kuma fozitif ne ke zuwa jiki, kar wani yaron warsha ya jona mata na 12. Tankin mai yana gaban direba bayan dashbod, ba ta da famfon mai gangarowa yake yi zuwa kafireto, sai an wanke shi sosai. Taya 4.75-19 ce, ka leƙa Haraj, wajen saye da sayarwa, amma ina ga sai ka yi oda daga Amurka. Lagireto a buɗe a tsefe shi saboda zafinmu.

Ɗan Sabil:
Madalla, na gode ƙwarai. Yanzu na dawo daga garejin, na tsokani ginshiƙin ƙofar baya sukudireba ta shige kamar cikin biredi. Gas ɗin na zuba a ramuka huɗun. Baba in na ciro kan injin zan turo muku hoto ku gani kafin in taɓa komai.

Baba Usta na Makka:
Turo. Ranar Juma'a bayan la'asar ma zan iya saukowa Jidda in ganta da idona, ka tanadi fitila da sufana irin na inci.