Me zan rubuta a bayan katin?

Malamar Firamare: Assalamu alaikum. Jiya na tarar da kati a akwatinmu na gidan waya, daga wata dattijuwa a Finlan. Hoton tafki ne, ƙanƙara ta rufe shi. A baya ta rubuta wai kyanwarta ta haifi 'ya'ya uku, kuma yau miyar kifi ta yi. Shi ke nan fa! Amma na karanta ya fi sau biyar. Ta Postcrossing ya zo, wato shafin intanet ɗin nan da ke haɗa mutanen da ba su san juna ba su riƙa aika wa juna kati ta gidan waya. Yanzu an ba ni adireshin wani a Jamus, na rasa abin faɗa. Ni daga aji sai gida.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike rainawa shi suke so. Ni wani ɗan Japan na ba labarin hunturunmu: hazo, leɓe duk ya tsage, ga kunun tsamiya da ƙosai da sassafe. Har tambaya ya aiko, wai mene ne tsamiya.

Ɗan Tasha: Hajiya, kar ki manta da rubuta lambar katin da shafin ya ba ki, da ita zai yi rajistar isowarsa. Kuma ki roƙi mai sayar da kan sarki ya zaɓo miki masu hoto. Turawan nan tara su suke yi.

Malamar Firamare: Na gode. Labarin ɗalibina da ya kawo min goruba zan ba shi.