"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": wane ruwan ake nufi?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Jiya ƙanena ya zo wai in ƙara masa jari a shagonsa na kayan masarufi. Na ce ina wanda na ba ka bara? Sai ya ce, "Yaya, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Nufinsa a cikin jarin yake ci yake sha don ya samu ƙarfin nema. Ni kuwa tun tasowata na san maganar nan kan jari take, sai kana da ɗan naka kake janyo na kasuwa. Wa ke da gaskiya?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. In zahirin lafazi za a bi, bai kauce ba, mai ƙishirwa ba ya jan guga. Amma wanda zai fita nema ake gaya wa ita, don ya yi tanadi tukuna. Ba a yi ta don wanke wanda ya riga ya cinye ba.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, ka yi masa sassauci. Sunan abin cin uwar kuɗi. Ni ma na yi shi shekaru: cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki, duk daga aljihun teburin shago, kuma ko alƙalami ba na ɗauka. Sai da na yanka wa kaina albashi duk wata, na sayi littafi biyu, ɗaya na ciniki ɗaya na masu bashi, sannan na ga inda nake yoyo.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma a 2023 ne, bayan cire tallafin mai a watan Mayu da sakin darajar naira ga kasuwa. Na sayar da turmi goma da ribata a kan tsohon farashi, ina ta murna, na koma sari kuɗin da kyar ya ɗauko min takwas. Tun daga ranar nan, da farashin sarin gobe nake sa kuɗin kaya.

Matashi Mai POS: To amma Hajiya, bashi fa? Ɗangote da rancen kawunsa ya fara a 1977. Ashe ruwan aro ma yana jan na rijiya.

Malamin Hausa: Ɗana, wanda ya ba shi rancen ya ga wani abu a cikinsa. A gidan fatake ya tashi. Kakan mahaifiyarsa, Alhassan Ɗantata, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa, kuma a 1929 raƙuma ashirin suka kai kuɗinsa na azurfa bankin Turawa a Kano. Ni a wurina sanin sana'a da amana ma ruwan ciki ne.

Hajiya Mai Atamfa: A nan kam mun rabu. Amana ba ta biyan kuɗin haya, Malam.

Ɗan Kwari: Na gode muku. Na ce masa ya kawo min littafin cinikin wata uku kafin mu sake zancen, ya ce shi duk a ka yake riƙewa. Hajiya, albashin nan naki, daga ribar wata kike cirewa ko adadi ne tsayayye ko an yi ciniki ko ba a yi ba?