Neman shawara: saura shekara ɗaya da rabi in yi ritaya daga jami'a

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne a wata jami'ar gwamnatin tarayya, a nan Legas nake tun 1994 da na kama aiki. Nan da shekara ɗaya da rabi zan cika 65, wato lokacin ajiye aiki ya zo. Maganar gaskiya abin yana hana ni barci. A gidan ma'aikata nake zaune da iyali, ina da ciwon suga da hawan jini, kuma inshorar lafiya ta aiki ce ke ɗauke mini yawancin kuɗin magani. Autana yana aji biyu na babbar sakandare. Ina da ɗan fili a Funtua da na ɗora ɗaki biyu, ba a yi rufi ba. Waɗanda suka riga ni, don Allah ta ina zan fara? In karɓi fansho wata-wata daga kamfanin fanshona, ko in miƙa wa kamfanin inshora? Maganin nawa fa, ya zai kasance?

Baban Khadija, Agege:
Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya sa a gama lafiya. Ni na fita shekaru huɗu da suka wuce, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne takardu. Gobe-goben nan ka ciro takardar kama aiki, ta tabbatarwa, duk takardun ƙarin girma, shaidar haihuwa, NIN da BVN, ka baje su a tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni a fayil ɗina an rubuta Muhammadu, a NIN Muhammad, watan haihuwa kuma ya bambanta. Ban lura ba sai da aka zo biya. Wannan ɗan abin ya sa na yi ta safa da marwa daga Agege zuwa Ikeja, ina rantsuwa a kotu, ina bin layi, ga albashi ya riga ya tsaya.

Sannan tunda kafin 2004 ka fara aiki, kuɗinka kashi biyu ne. Akwai wanda ake tarawa a asusunka tun da aka kawo sabon tsarin fansho a 2004, wanda dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kashi 10 daga mai ba ka aiki. Akwai kuma haƙƙinka na shekaru goman farko, wanda gwamnatin tarayya ce za ta zuba maka. Shi ya sa hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, take tantance masu shirin fita tun kafin shekarar fitarsu ta zo. Kada wannan tantancewar ta wuce ka. Ka riƙa leƙa ofishin fansho na jami'arku kana tambaya, kar ka ji nauyin kowa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Watannin nan mai ɗakina ce ta riƙe gidan da cinikin kunun aya da zoɓo, Allah Ya saka mata. Ka fara ware wani abu daga wannan watan, ko da buhun shinkafa da masara ne da kuɗin magani na 'yan watanni.

Maman Abba:
Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce, zan yi magana kan maganin. Inshorar da kake ci yanzu ta ma'aikaci ce, kai da matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma da aikin take tafiya. Kada ka bari sai ranar da aka ce babu sunanka a asibiti. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, tana da tsarin GIFSHIP da mutum ke biya wa kansa duk shekara, jihar Legas kuma tana da nata tsarin, Ilera Eko. Ka je ka tambaya da takardar magungunanka a hannu, a nuna maka waɗanda ke ciki. Kafin ka fita ka yi gwajin ƙoda da na ido, ka karɓi taƙaitaccen bayanin jinyarka daga likitanka. Ina ganin dattawa da yawa da ke raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, daga baya a kawo su ranga-ranga. Don Allah Baba kar ka yi haka.

Alhaji na Idi-Araba:
Kan tambayarka ta biyu. Idan ka bar kuɗin a kamfanin fanshonka suna biyanka wata-wata, asusun naka ne, in ta Allah ta kasance abin da ya rage na magada ne. Idan ka miƙa wa kamfanin inshora, za su biya ka har ƙarshen rai, amma magada ba su da komai sai in rasuwar ta zo cikin shekara goman farko, su karɓi ragowar goman. Kuma wanda ya koma inshora ba ya dawowa. Ni saboda gado na zaɓi na farko, kai kuma da ke da yaro a makaranta ka yi tunani sosai. In kana gudun kuɗin ruwa, kamfanonin fansho suna da Asusu na 6 da ba a juya shi da ruwa, ka tambaye su. Dillalai za su yi ta kiranka a waya, kada ka sa hannu a komai sai an rubuta maka abin da za ka riƙa samu ta kowace hanya.

Wani ƙaninka:
Yaya, kar ka manta kuɗin asusun gidaje da ake cire maka, kashi 2.5 cikin ɗari. Ana mayar wa mai ritaya daga bankin lamunin gidaje na tarayya, amma sai ka nema. Ko kwanon rufi ya saya maka.

Baban Khadija, Agege:
Af, na manta gida. Ana ba da wa'adin tashi daga gidan ma'aikata, ka tambayi naku yanzu. Kuɗin dunƙule da za a fara ba ka daga asusun fanshonka, in ka zuba shi a hayar Legas, kuɗin shekara da na dillali da na yarjejeniya za su lashe shi. Ni da a ce ina da gini kamar naka, da tun ina karɓar albashi zan rufa shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yanzu na duba, a takardar kama aikina babu sunan mahaifina na tsakiya, a NIN kuma akwai. Litinin da safe zan je ofishin fansho. Maman Abba, yaron zai cika 18 kafin in fita, shin a tsarin da kika faɗa zan iya haɗa shi da mahaifiyarsa a rajista ɗaya?