Shin za ku ƙara kuɗi don a daina katse muku kallo da talla?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga 'yan'uwa ce, musamman waɗanda suke biyan kuɗin dikoda duk wata da kuma waɗanda suka koma kallo a waya. A watan Janairun 2024 kamfanin Amazon ya fara saka tallace-tallace a cikin finafinai da shirye-shiryen Prime Video a Amurka, ya kuma ce duk wanda ba ya son ganinsu sai ya ɗora dala 2.99 a kan abin da yake biya a wata. Kafin nan, a watan Nuwamban 2022, Netflix, wanda ya shafe shekaru yana alfahari da cewa babu talla a wurinsa, ya fito da tsari mai rahusa na dala 6.99 wanda ake nuna talla a cikinsa. Ke nan a can an riga an yanka wa kallo marar katsewa farashi, mai so ya saya, marar so ya haƙura da talla.

Da a ce irin wannan tsari zai zo mana, a ce wa mai kallo a Zariya ya ƙara naira dubu ɗaya ko dubu biyu a wata a cire masa talla gaba ɗaya, shin zai biya? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga biya, domin shirin da ya kamata ya ƙare cikin rabin sa'a yakan kai kusan sa'a guda saboda yawan tsayawa, ga shi kuma talla ɗaya ce ake maimaitawa har yaran gida su haddace ta. Amma na san aljihuna ba shi ne ma'aunin gari ba, shi ya sa nake son jin ta bakinku.

Mai Gidan Kallo, Sabon Gari, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga batun ƙari, ya kamata a tuna cewa mu nan mun daɗe muna biya, kuma tallar ba ta tafi ko'ina ba. Mai gidan kallon ƙwallo yana biyan kuɗin tashoshi mafi tsada duk wata, yana sayen man janareto tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, yana biyan haya, duk da haka da zarar an tafi hutun rabin lokaci sai tallace-tallace su cika allon. Su kamfanonin suna karɓa daga hannu biyu, daga mai kallo da kuma daga mai talla, don haka idan aka ce in sake ƙara wani abu, karɓa ta uku ke nan.

A ƙwallo ma tambayar ba ta da wurin zama sosai. Galibi ba a katse minti 45 na wasa don a yi talla, minti 15 na hutu kuwa shi ne lokacin da mutanena suke fita su yi salla ko su leƙa wurin mai shayi, da wuya ka samu wanda ya zauna yana kallon allon. Tallar da ta fi shiga idon matasa tana jikin rigar ɗan wasa da allunan da suka kewaye fili, wadda ba wani kuɗin da zan biya a Sabon Gari da zai goge ta. Ƙungiyoyin gasar Firimiyar Ingila da kansu ne suka amince a 2023 cewa za su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/2026, kuma matsin lamba daga gwamnati da jama'ar ƙasarsu ne ya kai su ga haka. Sannan a duba halin da ake ciki: MultiChoice, kamfanin da yake da DStv da GOtv, ya bayyana cewa ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekaru biyu zuwa Maris 2025. Mutanen da suke ajiye dikoda saboda kuɗin asali ya fi ƙarfinsu ba su ne za su nemi a ƙara musu ba. Ni ko sisi ba zan ƙara ba.

Uwargida daga Tudun Wada ta rubuta:

Sallama ga kowa. Ni yawan tallar bai dame ni ba kamar yadda irinta ta dame ni. Tallar sabulu ko ta sinadarin ɗanɗano ko ta taki ba ta hana ni komai, hasali ma lokacin nan ne nake tashi in duba tukunya. Abin da yake sa ni neman rimot da gaggawa shi ne masu maganin gargajiya da suke sayen lokaci a wasu tashoshin tauraron ɗan adam, su zauna suna bayyana cututtukan ma'aurata da kalmomin da ko a ɗaki mutum zai ji nauyin furta su, alhali ina zaune da 'ya'yana, wani lokaci ma da surukata. Haka kuma tallar man bilicin da ake nuna wa 'yan mata kamar shi ne hanyar samun miji, da tallar caca da ake yi wa ado da sunan hasashen wasa.

Idan tambayar ita ce ko zan biya don a kawar mini da waɗannan, to zan biya, kuma na san mata da yawa a unguwarmu da za su biya ko da daga kuɗin cefane ne. Sai dai ina ganin rashin adalci ne a sayar mini da abin da doka ta riga ta ba ni. Akwai hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, akwai ARCON wadda ta maye gurbin APCON a 2022 kuma aikinta ne tantance talla kafin a fitar da ita, akwai NAFDAC wadda sai da izininta ake tallata magani. In har waɗannan suka tsaya a kan aikinsu, gidan talaka da gidan mai kuɗi duk za su huta tare. In kuwa aka mayar da abin ciniki, gidan da ba shi da halin ƙari shi za a bar wa ƙazantar, kuma a nan ne yara suka fi yawa.

Kada kuma a manta cewa ba duk abin da ake katse shiri dominsa ne banza ba. Sanarwar rigakafin yara, da ta rajistar zaɓe, da ta ranar rufe cike takardun jarrabawa, da yawanmu a tsakiyar wasan kwaikwayo muka fara jin su.

Tsohon Ma'aikacin Talabijin, Wusasa, ya rubuta:

Hajiya ta taɓo wurin da ya fi muhimmanci, amma bari in fara da yadda abin yake aiki, domin na ga kamar Malam mai tambaya ya haɗa abubuwa biyu da ba su zama ɗaya ba. Amazon da Netflix suna aika wa kowane mai kallo nasa hoton ta intanet, saboda haka suna iya saka wa wannan talla su cire wa wancan. Tashar da take watsawa ta eriya ko ta tauraron ɗan adam kuwa sigina ɗaya take jefawa sama, wanda yake Kofar Doka da wanda yake Hanwa abu ɗaya suke kama a lokaci ɗaya. Don a cire wa wani talla sai an buɗe tasha ta biyu, a biya mata nata gurbin a tauraron, a kuma samo abin da za a cike mintunan da tallar ta bari. Tashoshinmu da ƙyar suke riƙe ɗaya.

Sannan akwai tarihin yadda aka zo nan. An fara talabijin a Najeriya a Ibadan a 1959, tamu ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977, kuma a duk tsawon wannan lokaci baitulmalin gwamnati ne ginshiƙi. Daga ƙarshen shekarun 1980, zamanin tsuke bakin aljihu, aka fara ce wa gidajen gwamnati su nemo wani kaso na kuɗin gudanarwa da kansu, sai kuma dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, waɗanda tun ranar farko ba su da wata madogara sai talla da sayar da lokaci. A irin wannan tasha talla ce albashi, ita ce man dizal, ita ce kyamara. Wanda ya ce zai biya a cire ta, to ya sani cewa kuɗin tashar gaba ɗaya yake cewa zai ɗauka, shi da 'yan kaɗan ɗin da za su yarda su biya tare da shi.

Akan kawo misalin BBC, wadda ba ta talla a tashoshinta na cikin Birtaniya. Abin da yake riƙe da ita shi ne lasisin talabijin da kowane gida mai kallo yake biya, wanda ya kai fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, kuma ƙin biyansa laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Mu ma muna da lasisin rediyo da talabijin, sai dai Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓarsa, ba gidajen watsa labarai ba, saboda haka ko an karɓa ba ya isa ga masu yin shirin. A Birtaniyar kuma hukumar Ofcom ta hana tashoshin kasuwanci wuce minti 12 na talla a cikin sa'a guda, kuma ana sa ido a kai. Ƙayyadewa irin wannan, idan aka tsaya a kanta da gaske, za ta magance mafi yawan ƙorafin Malam ba tare da ya fitar da kobo ba.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na wanda ya yi aikin, shi ne tallar da ba a kiranta talla. Sanannen abu ne cewa a gidaje da dama akan biya kuɗi kafin a ɗauki taro a saka shi cikin labarai, haka kuma ɗan siyasa yakan sayi rabin sa'a a gabatar da shi kamar hira. Mai kallo yana gane tallar sabulu ya kau da kai, amma wannan yakan karɓe ta a matsayin labari. Tashar da ta karɓi kuɗin mutum kuwa ba za ta bincike shi gobe ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da za a ce in biya wani abu duk wata don a samu ɗakin labarai da ba ya karɓar irin wannan kuɗi, zan biya daga ɗan fanshona. Ko da yake ba na mance cewa ɗaukar nauyin nan ne yake kawo mana tafsiri kai tsaye a watan azumi, don haka ba kowane mai ɗaukar nauyi nake zargi ba.

Ɗalibar Kongo ta rubuta:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa game da tashoshi, amma mu da muke makaranta yawancin kallonmu a YouTube ne, inda masu shirya finafinan Hausa suke sakin shirye-shirye masu dogon zango mako-mako. A nan zaɓin da Malam yake tambaya a kai ya riga ya iso, domin YouTube Premium, tsarin da ake biya a cire talla, yana aiki a Najeriya kuma da naira ake biya. Duk da haka a cikin ƙawayena ban san wadda take biya ba, kuma dalilin ba rowa ba ne. Tsarin yana cire tallar da YouTube ya saka ne kawai, alhali wadda ta fi tsawo ita ce wadda furodusa ya ɗinka a cikin fim ɗin da kansa, ta mai atamfa, da mai turare, da mai sayar da filaye, wani lokaci ma jarumar ce za ta tsaya tsakiyar labari tana yabon kayan. Ban ga laifinsu sosai ba, domin ko da yake YouTube yana ba mai bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Turai ba, dole su nemi ciko a wurin 'yan kasuwar gida.

Akwai kuma wani lissafi da ba a yi ba. A waya kowace talla data take ci, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da kusan kashi 50 cikin 100, mu ne muke biya don a nuna mana abin da ba mu nema ba. Shi ya sa da yawa suke zuwa wurin masu tura finafinai a waya, su ba da 'yan canji a zuba musu shirin mako gaba ɗaya. Idan aka duba da kyau, wannan ma biya ne don guje wa talla da cin data, sai dai kuɗin ba ya kaiwa ga wanda ya yi wahalar shirya fim ɗin.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Baba, idan na fahimce ka, a talabijin ɗin falo babu hanyar da za a sayar mini da abin da nake nema, sai dai a manhaja. To tasha kamar Arewa24, wadda take watsawa kyauta tun 2014 kuma tana da manhajar da ake biya, me zai hana sauran su bi wannan hanya, su bar talla a ta kyauta su cire ta a ta kuɗi?

Tsohon Ma'aikacin Talabijin, Wusasa, ya amsa:

Babu abin da zai hana a fasahance, amma sai tasha ta mallaki shirye-shiryen da mutum zai cire kuɗi dominsu. Wadda mafi yawan lokacinta sayar da shi take yi ga masu wa'azi da masu magani da 'yan siyasa ba ta da abin da za ta zuba a manhaja, domin shirye-shiryen ba nata ba ne, na waɗanda suka sayi lokacin ne. Sannan duk wanda ya koma manhaja ya ɗauki nauyin data a kan kuɗin wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun Yulin 2024. Ina sa ran za a samu masu biya a cikin ma'aikatan jami'a da 'yan kasuwa da Hausawa mazauna ƙasashen waje, waɗanda su ne ma suka fi sauƙin biya da kati, amma yawansu ba zai kai a rufe sashen talla a kowace tasha da na sani ba.